Farin Garin da Ba Ya Narkewa

Silvanus Zamani ba malami ba ne, ko da yake rabin Kafanchan Malam suke ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Aikinsa a makarantar sakandaren shi ne ya wanke kwalaben ɗakin gwaje-gwaje, ya jera su, ya hana ɗalibai fasa su. Sai dai shekara shida ya yi a tsaye bayan wani malamin kimiyya Ba'indiye yana miƙa masa kaya, kuma Silvanus irin mutanen nan ne da ba a yin abu a gabansu sau biyu. Da Ba'indiyen ya tashi komawa ƙasarsu a ƙarshen 1976, sai ya bar masa durom guda na asiton, wani ruwa mai kaifin wari da ke tsotse mai daga jikin abu, da rabin buhun wani farin gari. Ya kuma bar masa wata magana, wadda da ya tafi da abarsa da ya fi.

"Cittarku ta fi tamu yaji," in ji Ba'indiyen. "Ku kuke shan wahalar noma, wasu can ƙetare suke matse man su ji daɗi."

To, Silvanus ɗan manomin citta ne. A Ungwan Kambai aka haife shi, can kan hanyar Kachia, inda yaro ke iya tsaga citta kafin ya iya ɗaura wando. Ya san yadda abin yake tafiya kowace shekara. A haƙa, mata su tsaga, a shanya a kan dutse, 'yan kasuwa su zo da lori su taya yadda suka ga dama su kwashe. Maganar Ba'indiyen ta shige shi, ta ƙi fita.

Fitar da man ba wani sihiri ba ne. A niƙa busasshiyar citta a jiƙa ta a asiton, asiton ya tsotse mai da yaji. A tace. A ɗora kwalbar a kan ruwan zafi har asiton ya tashi ya bi bututu ya koma wata kwalba, gobe a sake aiki da shi. Abin da ya rage a ƙasa baƙin mai ne mai kauri kamar zuma, wanda in ka ɗiga a harshe sai ka nemi randa. Wurin tacewa ne gardamar take. Ƙurar citta ta fi ƙarfin ƙyalle, takarda kuwa nan take take toshe ta. Shi ya sa ake shimfiɗa farin garin a kan takardar, kaurin yatsa guda, ruwan ya bi ta cikinsa ya fito garau.

Dayatomait ne sunan garin. Ba'indiyen ya taɓa nuna masa shi a madubin ƙara girma, ya ce ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu tun da daɗewa. Silvanus ya leƙa ya ga kowace ƙwaya da ramukanta kamar rariya, tsaf-tsaf, sai ka ce wani ya zauna ya huda su da allura. Tun ranar yake ganin girman garin nan.

Ya yi ƙaramar kwalba guda ta man, ya nuna wa Gilbert, ma'aikacin ofishin ƙungiyar manoma, wanda suke majami'a ɗaya. Gilbert ya ɗanɗana, ya yi tari har da hawaye, ya aika da kwalbar babban ofishinsu na Kaduna. A watan Fabrairu amsa ta zo. Man ya yi kyau. Amma suna so su sani ko garin tacewar yana narkewa ya shiga cikin man. Kuma suna son galan biyu kafin ƙarshen Afrilu, don su aika wa mai saye a ƙetare. Za su turo mutum ya zo ya duba da idonsa. In ya karɓu, za a kafa ƙaramin injin matse citta a yankin, a ba manoman ƙungiya sabon iri.

Tambayar farko Silvanus ya amsa ta da aiki. Ya jera kwalabe shida, ya zuba asiton a ɗaya, sipirit a ɗaya, sai kananzir, sai fetur, sai man gyaɗa, ta ƙarshe kuma ogogoro, barasar nan mai ƙarfi, da ya aro wurin wani lebura a tashar jirgi, yana waige-waige kada dattawan ikilisiya su gan shi. Ya auna garin a ma'auni ya zuba wa kowace, ya girgiza, ya bar su mako guda. Ya tace, ya shanya, ya sake aunawa. Yadda ya zuba haka ya kwashe, ko ƙwaya ba ta ɓace ba. Kai, ranar Silvanus ba a ƙasa ya taka ya zo gida ba. Ya gaya wa matarsa Emilia, ya gaya wa maƙwabta, ya gaya wa mai sayar da burodi, ya gaya wa Fasto a bakin ƙofar majami'a.

"Garin nan," yake cewa yana ɗaga yatsa, "ba abin da ke narkar da shi. Ba shi a duniya."

Abu shida ya gwada, ya yanke wa duniya hukunci. Ba wanda ya musa masa, don wa zai yi musu da mutumin da ke da ma'auni?

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi. Galan biyu na mai citta ce buhu-buhu, kuma a Fabrairu cittar shekara ta riga ta bi lori ta tafi. Wadda ke kasuwar Kachia tana hannun 'yan kasuwa, ta fi ƙarfin manomin da ya noma ta. Citta ɗaya ce ta rage a Ungwan Kambai, ita ce iri. Kowane gida yana da raminsa a inuwa, inda ake zuba ɗanyar citta a rufe da ganye da ƙasa, ta kwanta har ruwan farko. Ba a taɓa ta. Ko mura ta kama mutum ba ya haƙa ramin iri don ya yi shayi.

Silvanus ya hau lori ya je ƙauye ran Lahadi. Bayan sujada a majami'a ya tara gida biyar na danginsu a gindin ɗorawa, ya buɗe takardar Kaduna ya karanta da Turanci, ya juya da yaren gida. Matasa suka yi ta gyaɗa kai. Mahaifinsa, Baba Zamani, yana zaune a kan dutse da sandarsa tsakanin gwiwoyi har kowa ya gama.

"Silba," ya ce. "Irin nan daga hannun babana na karɓa. Shekarar fara ma ba mu taɓa shi ba."

"Baba, za a ba mu sabo. Wanda ya fi shi."

"In sun ƙi fa?"

"Ba za su ƙi ba. Sun riga sun ɗanɗana."

Tsohon ya daɗe yana kallon ɗan nan nasa da ya yi karatu, mai farar riga da biro a aljihu. Yana ƙaunarsa ƙwarai, kuma yana jin kunyar a ce shi ne ya tare wa gari hanya. Ya dogara sanda ya tashi, ya tafi raminsa da kansa, ya fara yaye ganyen. Da sauran gidajen suka ga haka, suka bi.

Mako biyu mata suna tsaga. Cittar har ta fara fitar da ido, 'yan fararen tsiro kamar haƙoran jariri, wuƙa tana bi ta kansu. Emilia ta zo daga Kafanchan da 'yarsu Edna a goye, ta zauna cikin matan ta yi aikin da su. Ba wanda ya yi waƙa a wurin tsagar nan, alhali kullum da waƙa ake yi.

Daga nan sai aiki ya koma kan Silvanus. Da an tashi makaranta ya shige ɗakin gwaje-gwaje, jiƙa, tace, dafa, har rana ta faɗi. Warin asiton ya kama rigarsa da gashinsa. Yawan ɗanɗana man ya kashe masa harshe, har miyar Emilia ya daina ji, hancinsa kuma ya toshe. Bai damu ba. Abin da ya dame shi garin ne. Kowane tacewa sai ya bar garin ya yi baƙi ya yi danƙo, ba ya sake tacewa sai an wanke shi da asiton, asiton kuwa durom ɗaya ne kuma yana raguwa. Ya dinga rage kaurin shimfiɗar, daga yatsa zuwa rabin yatsa, ruwan ya fara fitowa da duhu-duhu. A tsakiyar Afrilu sabon garin ya ƙare, sai cokali guda da ya ɓoye a 'yar kwalba don nuna wa baƙin Kaduna. Manyan kwalabe bakwai suna jere cike da ruwan citta da ke jiran tacewar ƙarshe, kowace da gurɓata a ciki. Gurɓataccen mai kuwa Kaduna ta ce ba ta so.

Baƙin garin da ya gama aiki yana kwano a bayan gidansu, don shugaban makaranta ya ce a fitar masa da wari. Silvanus ya dube shi ya yi tsaki, ya hau jirgi zuwa Kaduna neman sabo. Kwana uku yana yawo. Kantin kayan makarantu suka ce ba su taɓa jin sunan ba. A wani kamfani mai gadi ya hana shi shiga. A wani kuma aka ce a rubuto takarda, za a duba a watan gobe. Ya dawo hannu biyu, ƙafa a kumbure, saura kwana huɗu baƙi su zo.

Yana shigowa tsakar gida ya tsaya cak. An shimfiɗa kwanon rufi a rana, a kansa ga farin gari, fari tas kamar auduga. Emilia tana tsaye kusa da shi tana kore kaji, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

"Maman Edna, ina kika samo wannan?"

"Naka ne. Na wanke."

"Kika wanke? Da me?"

"Da me ake wanke abin mai? Ruwan toka. Na ga bai fita duka ba, sai na karɓo 'yar sodar sabulu wurin Afiniki na ƙara. Sau biyu na tafasa shi."

Afiniki maƙwabciyarsu ce, ita ke koya wa zumuntar matan majami'a yin sabulu. Emilia kuwa ba ta yi wani abu baƙo ba. Haka uwarta ke wanke tulun manja, haka kakarta ke wanke ƙwaryar man shanu. Duk macen da ta tashi a ƙasar nan ta san in abu ya yi maiƙo ya yi taurin kai, toka ce maganinsa.

Silvanus ya tsuguna ya ɗebi garin. Ya yi laushi fiye da da, kuma da ya murza shi da yatsa mai gumi sai ya ji santsi. Ya dubi kwanon da aka kwashe, ya dubi abin da ke shanye.

"Ya ragu," ya ce. "Bai kai rabi ba."

"Datti ne ya fita. Ka ga ruwan da na zubar kuwa? Kamar kunu." Ta dube shi, murmushin ya fara ja da baya. "Na yi laifi ne, Baban Edna? Ai kai ka ce ba abin da ke narkar da shi."

Wani abu a cikinsa ya ce masa toka ba ta cikin kwalabe shidan nan. Amma sai idonsa ya sauka kan hannayenta. Soda ta ci su, fatar yatsun ta saɓule, ta ɗaure babban yatsa da tsumma. Kwana biyu ta yi a bakin murhu da yarinya a baya don ta ba shi mamaki. Ga kuma kwana huɗu kawai. In ya ɗauraye garin da ruwa sai ya sake shanya shi, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas kowace yamma. Kuma, a faɗi gaskiya, ya faɗi maganar nan a gaban mutane da yawa, har ta fi ƙarfin ya tuhume ta.

"Ba ki yi laifi ba," ya ce. "Kin cece ni. Ubangiji ya sa miki albarka."

Washegari ya shimfiɗa garin ya zuba kwalba ta farko. Ruwan ya bi ya fito garau, kana ganin yatsanka ta bayan kwalbar. Ya yi dariya shi kaɗai. Ya zuba ta biyu, ya zuba ta uku, har ta bakwai, duka ta cikin garin nan, bai ware ko ɗaya ba. Ya haɗe su wuri guda ya ɗora a kan ruwan zafi. Kwana biyu asiton yana tashi. Man ya taru a ƙasa, ja-ja-baƙi, yana sheƙi, da ɗan kumfa a gefe da bai saba gani ba. Ya ɗiga a harshe bai ji komai ba, ya ce ai harshen ne ya mutu tun makonni. Ya juye a sabuwar garwa, galan biyu cif, ya rufe.

Ranar zuwan baƙi Baba Zamani ya iso da lorin safe, sanye da kwat ɗinsa na zuwa majami'a, wanda asu ya ci kafaɗarsa. Ya zauna a dogon kujerar ɗalibai yana kallon kwalabe da bututai kamar wanda ya shiga asibiti. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mota ta tsaya, Gilbert ya shigo da wani dogon mutum mai tabarau da jakar fata. Mista Nicholas ke nan, masanin da Kaduna ta aiko.

Silvanus ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya nuna kwalabe shidan da takardar awonsa. Mista Nicholas ya karanta, ya gyaɗa kai.

"Aikinka mai tsabta ne," ya ce. "Gaskiya ne, ba ya narkewa a waɗannan. Mu ga man."

Aka buɗe garwa. Mista Nicholas ya ɗaga sandar gilashi yana kallon yadda man ke zuba, ya ce ya yi kyau a ido. Mutum ne mai ladabi, sai ya juya ga tsohon.

"Baba, ku kuka noma. Ku fara."

Baba Zamani ya tsoma ɗan yatsa ya kai baki. Ya jira. Kowa ya jira tare da shi, ana sa ran tari. Ya sake tsomawa, wannan karon da yawa, ya juya shi a baki kamar mai neman ƙashi a cikin kifi. Sannan ya share yatsan a kwat ɗinsa.

"Cittan nan ya mutu," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Ba wuta a ciki."

"Baba, ku sake..." Gilbert ya fara.

"Shekara sittin ina cin citta. Wannan kamar wanda an dafa an zubar da ruwa. Kuma yana ɗanɗanon sabulu."

Mista Nicholas ya ɗanɗana, ya tofar a hankici. Ya nemi garin da aka yi tacewar ƙarshe da shi, ya jiƙa kaɗan da ruwa, ya zaro wata 'yar jar takarda daga jakarsa ya taɓa. Takardar ta koma shuɗiya nan take. Silvanus ya san takardar nan, shi ke yanka wa ɗalibai ita duk mako. Tana cikin aljihun teburin da yake jingine a kai, fakiti biyu.

"Akwai soda a garin nan," in ji Mista Nicholas. "Da yawa. Wa ya sa?"

A daidai lokacin Emilia ta iso bakin ƙofa da tiren abincin baƙi a ka, shinkafa da kazar da ta yanka da safe. Silvanus ya gan ta ta gefen ido.

"Ni ne, sa," ya ce. "Garin ya ƙare, na wanke tsohon da soda."

Mista Nicholas ya cire tabarau ya murza ido. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. A hankali ya yi magana, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Ya ce garin dangin yashi ne, mai da barasa ba sa taɓa shi, amma soda mai zafi cinye shi take yi. Wanda bai narke ba kuma ya sha sodar ya riƙe a ramukansa, ya sake ta cikin ruwan citta. Soda kuwa in ta haɗu da yajin citta a kan wuta, kashe shi take yi, kuma ba ya dawowa.

"Ba yadda za a gyara, sa?"

"Babu. Kana da sauran wanda bai bi ta garin nan ba?"

"Babu."

"Sauran citta fa? Ko buhu biyar, in roƙa maka mako uku."

Silvanus ya dubi mahaifinsa. Tsohon yana kallon ƙasa.

"Babu," ya ce.

Mista Nicholas ya rufe jakarsa. Ya ce yana baƙin ciki ƙwarai, ya ce mai sayen ba zai jira ba, akwai wasu a wata jiha da su ma suka aiko da nasu. Ya ce wataƙila baɗi, amma yadda ya faɗe ta kowa ya san ba baɗin da zai zo. Gilbert ya raka shi mota, bai waiwayo ba. Da Silvanus ya dubi ƙofa, tiren yana ajiye a ƙasa a rufe, Emilia ba ta nan.

Baba Zamani ya ƙi kwana. Ya ce akuyoyi ba mai ba su ruwa. Silvanus ya raka shi tasha, suka tsaya a rana suna jiran lori ya cika. Da tsohon zai hau ne ya ce, "Ka gaishe da matarka," shi ke nan.

A gida ya tarar da Emilia a madafa. Ta ɗora ƙaramar tukunya, sauran ruwan tokar ne da soda yana tafasa. A hannunta ga 'yar kwalbar nan ta sabon gari da ya ɓoye don baƙi, ta ɗauko daga aljihun rigarsa ta jiya.

"Maman Edna, bar shi."

Ba ta saurare shi ba. Ta juye cokalin garin a tukunyar, ta ɗauki itace tana juyawa. Suka tsaya su biyu suna kallo. Ya ɗauki lokaci, amma farin ya dinga raguwa, yana raguwa, ruwan ya yi kauri ya yi duhu-duhu, har abin da ya rage a gindin tukunya bai kai a ɗiba da farce ba. Ta sauke tukunyar ta ajiye a ƙasa a hankali.

"Ka ce ba ya narkewa," ta ce.

"Na ce."

"Me ya sa ka ce wa mutumin kai ne ka wanke?"

"Ni ne. Ke hannu kawai kika sa."

"Hannun nan ne ya tsaga irin Baba," ta ce, tana kallon yatsunta. "Shi ne kuma ya kashe shi." Ta zauna a kan turmi ta yi kuka mara sauti, Edna tana jan zanenta. Silvanus ya ɗauke yarinyar. Duk abin da ya zo bakinsa ya riga ya faɗi irinsa da ƙarfin zuciya a baya, ga inda ya kai su.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana tara, mai ƙarfi, har ƙasa ta yi ƙamshi. Ran Asabar saƙo ya zo ta bakin direban lori: Baba ya ce a kawo garwar. Silvanus ya ɗauke ta a cinya tun daga Kafanchan. A hanya duk inda ya duba mutane ne a gona, mata suna karya iri, maza suna binnewa, yara suna jan ganyen rufi. Da ya sauka a Ungwan Kambai sai ya ga gonakin gida biyar ɗin nan a gyare, an yi kaftu, an tara ganye a gefe tuli-tuli kamar kowace shekara, ba kowa a ciki. Kumai, ɗan'uwan babansa, ya hango shi daga ƙofar gida, ya juya ya shige. Wata daga cikin matan da suka yi tsagar ta gaishe shi da "Sannu, Malam," kuma bai taɓa jin kalmar ta yi masa ciwo haka ba.

Ya sami mahaifinsa a bakin ramin iri. Ruwa ya wanke gefensa, tsohon yana kwashe laka da hannu.

"Baba, na nemi iri a Kachia. Wanda ke akwai..."

"Na sani. Na je."

"Ko dawa za a zuba bana. Baɗi in Ubangiji ya yarda..."

"Dawa za a zuba," in ji tsohon. "Ba ni."

Silvanus ya miƙa masa garwar. Baba Zamani ya karɓa da hannu biyu, ya jijjiga ta kusa da kunne, ya ji nauyinta.

"Duka yana ciki? Da na gidan Kumai, da na babana?"

"Duka, Baba."

Tsohon ya durƙusa da ƙyar ya ajiye garwar a tsakiyar ramin, ya daidaita mata zama. Ramin da ke cin buhu goma, ga ta ita kaɗai a ciki. Ya jawo ganye ya fara rufewa, yana dannawa da tafin hannu a gefe-gefe yadda yake yi kowace shekara don kada rana ta taɓa iri.

"Tsayuwar me kake yi?" ya ce, bai ɗago ba. "Miƙo mini ƙasa."